Tsoron Sanyi: Tarihin Wankan Jego da Kunun Kanwa a Ƙasar Hausa

Idan aka tattara shawarwarin da ake ba mai jego a ƙasar Hausa, aka tankaɗe su, za a tarar mafi yawansu daga tushe ɗaya suka tsiro, wato tsoron sanyi. Kada ta sha ruwan randa. Kada ta taka ƙasa ba takalmi. Kada ta fito tsakar gida kai ba ɗankwali. Ta yi wanka da ruwan zafi safe da yamma, ta sha kunun kanwa tun yana tururi, ta ci nama da yaji har gumi ya keto mata. Waɗannan shawarwari ba a littafi suke ba, ba kuma a makaranta ake koyar da su ba, amma sun fi dokokin hukuma da dama ƙarfi, domin uwa ce ke faɗa wa 'yarta, a lokacin da 'yar ba ta da ƙarfin musu.

A wannan maƙala ina so in bi sawun wannan shawara: inda ta samo asali, yadda ta faɗa hannun likitoci a Zariya cikin shekarun 1970, hukuncin da suka yanke mata, da yadda binciken baya-bayan nan ya sake buɗe shari'ar. Maganar ta shafi rayuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai mata kimanin 82,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da rubu'in waɗanda suka rasu ta wannan hanya a duniya baki ɗaya, kuma kaso mai yawa na irin wannan rashi bayan an sauka yake faruwa. Abin da nake so in nuna shi ne, al'adar jego abu biyu ce aka ɗaure a ƙulli guda. Akwai hutu da ciyarwa da kulawa, akwai kuma tsananin zafi da gishiri. Tarihin da zan bayar tarihi ne na ƙoƙarin kwance wannan ƙulli ba tare da an tsinka igiyar ba.

Asalin Tsoron Sanyi

A fahimtar magabatanmu, sanyi abu ne mai shiga jiki ya zauna. Shi ake zargi da ciwon gaɓoɓi, da kumburi, da ciwon mara, da wasu cututtukan al'aura, har kalmar ta zama sunan cuta ita kanta. Mace kuwa idan ta haihu ana ɗaukarta ɗanya: jikinta a buɗe yake, ta zubar da jini, ƙofofin da sanyi zai bi duk suna hangame. Maganin ɗanyen abu kuwa gashi ne. Shi ya sa har yau ake cewa mai jego ta gasu, ko ba ta gasu ba. Wannan tunani ya sami wurin zama kusa da ilmin ɗibbu da malamai suka karanta a littattafan Larabci, wanda ya kasa cututtuka da magunguna bisa zafi da sanyi da danshi da bushewa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma yana cikin waɗanda suka yi rubuce-rubuce a fannin magani a ƙarni na 19.

Ba Hausawa kaɗai suka yi wannan tunani ba. A Tailan da Lawos akwai tsohuwar al'adar kwantar da mai jego kusa da wuta na kwanaki. A Sin mace kan yi wata guda a ɗaka tana gudun iska da ruwan sanyi. A Meziko kwana arba'in ake ƙidaya mata, kamar yadda muke yi. Al'ummomin da ba su taɓa haɗuwa ba sun lura da abu ɗaya: makonnin farko bayan haihuwa lokaci ne da mata ke mutuwa. Ba su da na'urar ganin ƙwayoyin cuta ko ta awon jini, sai suka bai wa abokin gaban suna daga abin da jiki ke ji, wato rawar sanyin da ke zuwa da zazzaɓin jego.

Game da daɗewar al'adar a wurinmu, muna da shaidar Baba ta Karo, wata dattijuwa daga ƙasar Zazzau da aka haifa wajajen 1877. Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta a 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. Baba ta ba da labarin haihuwa da wankan mai jego a matsayin abin da ta taras ana yi, ita kuwa ta girma ne kafin Turawa su ci Kano da Sakkwato a 1903. Sai dai al'adar ba ta tsaya cik ba. Ganyen darbejiya, wanda yau wasu ke ganin wanka ba ya cika sai da shi, baƙo ne: asalin itacen daga yankin Indiya yake, kuma a zamanin mulkin mallaka aka shigo da shi Arewa. Kafin zuwansa da ganyen tsamiya da sabara da makamantansu ake yi. Tukunyar ƙasa ma ta bar wa garwa da rabin ganga wuri. Al'adar da ta karɓi sabon ganye da sabon mazubi ta nuna tana iya karɓar gyara.

Ni ma a gidan da ake wannan wanka na tashi, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yawan mutanen da aikin ke tarawa. Tun ciki yana wata shida ko bakwai maigida ke fara tara itacen wanka, kuma tsayin tarin itacen nan shi ne ma'aunin da dangin mace ke auna kulawarsa. Mai haihuwar fari takan tafi goyon ciki gidan iyayenta. Ungozoma ko wata dattijuwa ke zuwa da asuba ta hura wuta. Wata na daka yaji, da citta da kanumfari da masoro da kimba. Wata na dama kunu. Ana dafa ƙauri a rarraba wa dangi da maƙwabta. Kwana arba'in cur matar da ta saba surfe da daka da ɗiban ruwa ba ta taɓa taɓarya. A rayuwar macen karkara babu wani lokaci da take samun hutu da nama kamar wannan.

Kanwa, Daga Tafki Zuwa Ƙoƙo

Kanwa ita ma tana da nata tarihin. Ana samunta ne a wuraren da ruwa ya ƙafe ya bar gishirinsa: ƙasar Manga da Muniyo a kudu maso gabashin Nijar ta yau, da Kawar can cikin hamada, da gaɓar gabas ta Tafkin Chadi inda ake haƙo ungurnu. Masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafinsa na 1986 kan cinikin gishiri a wannan yanki, ya nuna girman wannan fatauci a ƙarni na 19. Fatake kan ɗora ta a kan jakuna da takarkarai su kai Kano, daga nan ta wuce Nupe da ƙasar Yarbawa, har Gwanja, inda ake musanya ta da goro. Ana ba dabbobi ita, ana haɗa ta da taba, ana jefa ta a wake don ya yi saurin nuna, ana sa ta a miyar kuɓewa, majema da marina ma suna aiki da ita. Abin da ya shiga kowane gida haka, kuma aka san shi da kwantar da ciwon ciki, ba abin mamaki ba ne ya shiga kunun mai jego, da imanin yana wanke ciki, yana kawo ruwan nono.

Akwai wani ruɗani da Turawa suka bar mana. Sun kira kanwa da sunan da ke nuna gishirin toka ce, mai sinadarin fotashiyam. Da aka auna ta a ɗakin gwaji sai aka ga fotashiyam ɗin cikinta kaɗan ne, mafi yawanta sodiyam ne, sinadarin nan da ke cikin gishirin miya. Halin sodiyam kuwa shi ne riƙe ruwa a jiki. Wannan shi ne mabuɗin abin da ya biyo baya.

Abin da Aka Gani a Zariya

An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma kafin ƙarshen shekarun 1960 ta buɗe tsangayar koyon aikin likita. A 1969 wani likita ɗan Birtaniya mai suna Eldryd Parry, wanda ya yi aiki a Ibadan da Adis Ababa, ya zo Zariya a matsayin farfesa. Shi da abokin aikinsa Neil Davidson suka lura da wani abu da bai yi daidai da abin da suka karanta ba. Gadajen mata cike suke da masu jego, ƙafafu a kumbure, ciki ya tara ruwa, numfashi na sarƙewa, ba sa iya kwanciya sai a jingine. Alamomin gazawar zuciya ne, ciwon da aka fi sani ga tsofaffi, ga shi a jikin mata masu ƙuruciya da goyo a hannu.

Likitocin duniya sun san da irin wannan ciwo. A 1971 wasu likitoci a Shikago ta Amurka suka tsara siffofinsa, suka raɗa masa sunan da ake kiransa da shi yau, wanda ma'anarsa ita ce raunin tsokar zuciya na gab da haihuwa ko bayanta. Amma a can sai an yi haihuwa dubbai kafin a ga mace guda. A Zariya lissafin ya kai kusan mace ɗaya cikin kowace ɗari. Davidson da Parry suka bi mata 224, kusan dukkansu Hausawa da Fulani, suka buga cikakken rahotonsu a 1978. Kafin nan, a 1974, tare da Lorna Trevitt, sun buga wani rahoto a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya inda suka danganta yawan ciwon da al'adun jego: wankan ruwa mai tsananin zafi sau biyu a rana, kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, da shan kanwa mai yawa. Sun kuma lura cewa masu ciwon sun fi yawa a watannin da zafi ya haɗu da laima.

Bayanin da suka bayar mai sauƙin fahimta ne. A lokacin goyon ciki jinin mace kan ƙaru da kusan rabin abin da take da shi. Idan ta sauka, mahaifa ta tsuke, jinin da ke cikinta ya koma jijiyoyi, jiki kuma ya shiga aikin fitar da rarar ruwa ta fitsari da gumi. A daidai wannan lokaci kanwa ke shiga ta hana ruwan fita. Zafi kuma yana buɗe jijiyoyin fata, dole zuciya ta ƙara bugu don ta cika su. Ga ƙarancin jini da yawancin matan ke fama da shi, ga hawan jini da kan taso bayan haihuwa. Kaya ya yi wa jaki yawa. A 1979 John Sanderson da abokan aikinsa, ciki har da likitocin Nijeriya, suka duba irin waɗannan mata da na'urar hoton zuciya a Zariya, suka ga da yawansu zuciyar na harba jini da ƙarfinta, ruwan ne ya fi ƙarfinta. Wannan ya dace da yadda mata da yawa ke farfaɗowa da sauri idan aka ba su maganin sa fitsari da na ƙarfafa bugun zuciya.

Babban abin baƙin ciki shi ne yadda fahimtar gida ke karanta alamomin. Idan ƙafar mai jego ta kumbura, sai a ce sanyi ya shige ta, ba ta gasu ba. Maganin sanyi kuwa a ƙara itace, a ƙara kanwa. Hannun da ke son cetonta shi ke ƙara mata nauyi, cikin ƙauna da kyakkyawar niyya. Ga kuma ƙuna, wadda likitocin tiyata a Zariya suka rubuta rahotanni a kanta, ta matan da ruwan wanka ya saɓule wa fata.

Shari'ar da Aka Sake Buɗewa

Da labarin ya tsaya nan, da sai a ce an kama ɓarawo an rufe shari'a. Shekaru da dama haka littattafan likitanci na duniya suka ɗauke shi: in an ambaci wannan ciwo sai a ambaci matan Hausawa da kanwarsu. Amma tambayoyi suka yi ta ɓullowa. A ƙasar Haiti an sami ciwon a wajen mace ɗaya cikin ɗari uku, alhali ba su san kunun kanwa ba. A gida kuma, kusan kowace mai jego tana wankan tana shan kunun, me ya sa ɗaya ke kamuwa casa'in da tara su tsira?

A 1992 wani likita Bafaranshe, Arnaud Cénac, da abokan aikinsa a Yamai suka buga binciken da ya nuna matan da ke da ciwon suna da ƙarancin seleniyam a jininsu, wani sinadari da jiki ke buƙata kaɗan, wanda ake samu daga abinci gwargwadon ƙasar da aka noma shi. A 1998 aka buga sakamakon bin sawun matan Zariya na farko bayan fiye da shekara ashirin, aka ga hawan jini ya bayyana ga da yawa daga cikinsu. A 2007 likitoci a Sakkwato suka ba da rahoton mace ɗaya cikin 102, wato adadin bai sauka ba. Alhali wani ɓangare na al'adar ya riga ya ja baya: binciken da aka yi a ƙauyen Ɗanbare da ke gefen Kano, aka buga a 2006, ya nuna fiye da mata takwas cikin goma suna wankan suna shan kunun, amma masu kwanciya a gadon wuta ba su wuce kimanin biyar cikin ɗari ba.

Bincike mafi faɗi shi ne wanda Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta, aka buga a 2020. An tattara bayanan mata 406 masu ciwon daga asibitoci 22 a faɗin Nijeriya, aka kwatanta su da masu jego lafiyayyu. Mafi yawan masu ciwon daga Arewa maso Yamma suka fito, kuma a wani asibiti adadin ya kai ɗaya cikin 96. Abubuwan da suka bambanta masu ciwon da lafiyayyu su ne rashin ilmin boko, da rashin sana'a, da rama, da tarihin hawan jinin masu ciki. Wankan zafi da kunun kanwa ba su fito a matsayin abin da ya raba su ba. Wannan ya tuna mini da aikin Kelsey Harrison, likitan mata da ya bi haihuwa 22,774 a Zariya tsakanin 1976 da 1979, wanda ya gano cewa matan da suka yi karatu kuma suka je awon ciki sun fi sauran tsira nesa ba kusa ba.

Shin ke nan likitocin farko sun yi kuskure? Ni ban ɗauka haka ba. Sun ga matan da ke kwana a kan wuta suna shan kanwa da yawa, kuma abin da suka faɗa kan sodiyam da zafi yana nan daram: Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada baligi ya wuce giram 5 na gishiri a rana, balle mai hawan jini ko mai raunin zuciya. Abin da masu binciken baya suka ƙara mana shi ne, itacen ya riga ya rube kafin iska ta kaɗa shi. Yarinyar da ta shiga ciki a rame, ba ta je awo ba, ba wanda ya taɓa auna jininta, ita ce zafi da kanwa ke iya kayarwa. Ɗora wa al'ada laifi duka yana da daɗi ga mahukunta, domin hana kanwa ba ya cin ko kwabo, makaranta da asibiti da abinci kuwa suna ci.

Abin da Ya Kamata Ya Saura

Akwai wata daidaito da ta ba ni sha'awa. Likitoci na ƙidaya kwana 42 a matsayin lokacin jego, mu muna ƙidaya 40. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022, ta nemi ma'aikacin lafiya ya duba uwa da jariri aƙalla sau huɗu: cikin awa 24 na farko, da kwana na biyu zuwa na uku, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, da mako na shida. Wanda ya san kalandar gidan Bahaushe zai ga ranakun nan ba baƙi ba ne: ranar haihuwa, da wajen ranar ƙauri, da ranar suna, da ranar arba'in. Ranakun da dangi ke taruwa su ne ranakun da ya kamata a auna jinin mai jego. Da za a saba cewa ba a yanka ragon suna sai an auna hawan jinin uwar ɗa, da an ceci mata masu yawa ba tare da an rushe ko dutse ɗaya na murhu ba.

Don haka ga abin da na tsinta daga wannan tarihi, ina miƙa shi ga iyayenmu mata da kakanninmu, waɗanda tukunyar ke hannunsu. Hutun kwana arba'in a riƙe shi da kyau. Ciyarwa ma haka, a ƙara mata ƙwai da kifi da wake da hanta da zogale, ta ci gaba da shan maganin ƙarin jini da aka ba ta a asibiti. Wanka a yi shi, tsabta kariya ce, amma a surka ruwan har mai yi mata ta iya tsoma hannunta ta bar shi a ciki. Ɗaki ya sami iska. Kunu a dama na gyaɗa ko na tsamiya, wadda kuwa aka taɓa gaya wa tana da hawan jini ko ciwon zuciya ta nisanci kanwa ɗungurum. Wadda ta taɓa yin wannan ciwo ta ga likita kafin ta sake ɗaukar ciki, domin yana iya dawowa da ƙarfi.

Abu mafi muhimmanci shi ne a sauya fassarar alamomi. Kumburin ƙafa ko fuska da ke ƙaruwa, haki ba tare da aiki ba, kasa kwanciya sai a jingine, tarin dare, bugun zuciya da sauri, matsanancin ciwon kai ko dishi-dishin gani, jijjiga, zubar jini mai yawa, zazzaɓi ko ruwa mai wari: ko ɗaya daga cikinsu ya bayyana, a kashe wutar a nemi mota, ko da kuwa ba a yi suna ba. Maigidan da ya iya tara itacen wanka tun ciki na wata bakwai zai iya ajiye kuɗin mota da na awo tare da shi, kuma lokaci ya yi da dangin mace za su riƙa tambayarsa wannan kamar yadda suke tambayar itacen.